Kuɗin Ɗanye

Tun rake bai kai gwiwa ba Auta ya faɗa wa kowa: bana ba zai sa wa gonarsa wuta ba.

A yankinsu haka ake yi tun yana rarrafe. In rake ya isa sara, sai a jira yamma iska ta kwanta, a kunna masa wuta ta gefe. Wutar ta lashe busasshen ganye, ta bar sandunan a tsaye baƙi ƙirin. Washegari 'yan sara su shiga da addunansu, ba ganye mai yankan fata, ba ƙaiƙayi, ba abin da ke laɓe a ƙarƙashin ƙafa. Gari kuwa ya yi ta zama cikin hayaƙi har kaka ta wuce. Toka a kan shanya, toka a bakin randa, toka a gashin yara. Kowa na tari, kowa ya saba.

Sai bana kamfanin sukari ya turo malamin gona a kan babur. Ya tara manoma a rumfar da ke kusa da sikelin auna motocin rake, ya ce hayaƙi ya yi yawa, an matsa wa kamfani daga sama. Duk wanda ya kawo rakensa ɗanye, za a ɗora masa wani abu a kan kowane tan. Amma da sharaɗi. In wuta ta taɓa ko da kusurwa ɗaya ta gonarka, ƙarin ya tafi gaba ɗaya, har na abin da ka riga ka kawo.

Mutane suka sa wa abin suna kuɗin ɗanye. Hannuwa da yawa sun tashi sama ranar. Ɗaga hannu ai ba wuya.

Auta ya ɗaga nasa da gaske. Da aka raba gonar mahaifinsu tsakaninsa da yayansa, injin ban-ruwa ya faɗa a kason Yaya. Tun daga nan, duk sanda ƙasa ta bushe sai Auta ya wanke ƙafa ya je aro. Yaya ba ya hanawa. Da hanawar yake yi ma da ya fi sauƙi. Sai ya zaunar da kai, ya tambayi lafiyar yara, ya koya maka yadda ake zuba mai da yadda ake ɗaure tiyo, kamar jiya aka haife ka, sannan ya ce a ɗauka. Auta da 'yan biyunsa da furfura ɗai-ɗai a gemu. Ya duba ya ga kuɗin ɗanye zai iya sayo masa inji na hannu, ko da mai tari ne.

Da kamfani ya tada injinsa aka fara karɓar rake, Auta ya je wurin shugaban 'yan sara. Sarkin Adda ake ce masa, wani ƙaton mutum mai guntun ɗan yatsa a hannun hagu. Ya ce za su zo. Sati ya zagayo, ya sake cewa za su zo.

Ba ƙarya yake yi ba. Ƙonannen rake ba ya jira. In ya kwana biyu a tsaye sai ya fara tsami, kamfani ya ƙi shi. Ɗanye kuwa yana nan da ransa, kullum ana iya ce masa gobe. Saboda haka duk wanda ya ƙyasta ashana ya tsallake layi. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su daɗe ba suka gane wannan. Kowace yamma sai ka ga hayaƙi ya tashi a wata gona da mai ita ya yi alkawari.

Wata safiya Yaya ya same shi yana share ciyawa a bakin kwatar ruwan da ta raba gonakinsu.

"Auta."

"Yaya. Ina kwana."

"Lafiya. Yau zan kunna. Ka kawo naka a haɗa, a yi ta sau ɗaya kowa ya huta."

"Na ce ba zan ƙona ba, Yaya."

"Ka ce, na ji. Wa bai ce ba? Har wanda ya riƙe wa malamin gona lasifika ya ƙona shekaranjiya."

"Shi ya sani."

"Ka san ƙarshen wata kamfani zai tsayar da inji?"

"Na sani."

"To. In inji ya tsaya, rakenka sai dai ka zauna ka sha abinka kai da 'yan biyu, har haƙoranku su zube." Yaya ya dubi gonar, ya dubi ƙaninsa. "Kai tun kana ƙarami haka kake. In aka ce ga hanya sai ka ce bari ka gwada daji."

Auta bai ɗago ba. Ya ci gaba da kafta fartanya.

"Shi ke nan. Ka tsaya a iyakarka da yamma. Ni ban iya yi wa wuta magana ba."

Wuni ya yi yana faɗaɗa iyakar. Ya sare layin farko na rakensa, ya kwashe busasshen ganye ya kai can ciki, ya jiƙa gefen kwatar. Da rana ta yi sanyi matarsa ta zo da bokitai biyu, ta ɗaure hancinta da gyale. Shi ya saro ɗanyen reshe mai ganye ya riƙe.

Wutar Yaya ta taso daga can ƙarshe, da farko kamar ba za ta yi komai ba. Sai ta kama. Ƙara ta cika wurin, tas-tas-tas, kamar ana karya itace dubu lokaci guda. Zafi ya daki fuskarsa. Tartsatsi na tsallako kwatar yana sauka a gindin rakensa, yana bi yana bugewa, matar na bi da ruwa. Idonsa na hawaye, maƙogwaronsa kamar an goga masa yashi.

Cikin haka ya ga ƙasa na motsi. Ɓeraye ne, ba iyaka, suna faɗawa cikin kwatar suna fitowa ta ɓangarensa, suna bi ta tsakanin ƙafafunsa. Gafiya ta wuce. Zomo ya wuce da kunne a babbake. Sai wani abu dogo ya ratsa ruwan, kansa a sama, ko sauri bai yi ba, ya shige cikin rakensa.

"Baban 'yan biyu, ka gani?"

"Ki kula da tartsatsi."

"Ga wani can kuma."

"Na ce ki kula da tartsatsi!"

Kafin duhu wutar ta cinye abin da za ta ci ta kwanta. Ko ganye ɗaya nasa bai kama ba. Ya zauna a bakin kwatar yana haki, gashin hannunsa duk ya ƙone, ransa fari. Ya tsare gonarsa daga wuta. Sauran abin bai sa shi a lissafi ba.

Bayan 'yan kwanaki aka gama kwashe na Yaya. In ka tsaya a bakin titi ka duba, ƙasa baƙa ce ta ko'ina, sai gonar Auta kaɗai kore a tsakiya, dogayen ganyenta na kaɗawa. Masu wucewa a kan babur suna nuna ta da baki.

Ya sami 'yan sara da sassafe a teburin mai shayi. Akwai wani dattijo a cikinsu, siriri, da ake kira Rediyo, don tunda aka san shi ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba. Shi ya fara hango shi.

"Ga Mai Ɗanye nan! Ku matsa masa, kar hayaƙin shayi ya taɓa shi a soke masa kuɗi."

Aka yi dariya. Auta ya gaishe su ya zauna a gefen benci.

"Sarki, yanzu ai ba sauran ƙonanne. Ni kaɗai na rage."

Sarkin Adda ya juya cokali a kofi. "Kai kaɗai ka rage."

"To yaushe?"

"Auta, bari in gaya maka gaskiya. Mu da tan ake biyanmu. A ƙonanne sara ɗaya a gindi, ɗaya a kai, ka jefa. Ɗanye kuwa sai ka tuɓe wa kowace sanda riga kamar jariri za ka yi wa wanka. Abin da mutum ɗaya zai kwantar a can, a naka sai biyu sun yi da ƙyar. Wa ganye zai yanka? Mu. Wa zai kwana yana susa? Mu. Wa kamfani ya ce zai ba kuɗin ɗanye?"

Sarkin Adda bai jira amsa ba.

"Ka ga ni ban je taron ba. Ba a kira masu adda ba."

"Kuma ka bar batun ganye," in ji Rediyo, bakinsa cike da burodi. "Gonarka yanzu masauki ce. Duk macijin da aka kora daga nan har bakin kogi, wurinka ya kama haya. Jiya na wuce na ji suna rabon ɗakuna."

"Rediyo, rage murya," in ji wani.

"Batir sabo ne, ɗan'uwa."

Auta ya dubi ƙasan teburin, inda ƙudaje ke bin digon madara. Ya ce, "Rabi."

"Rabin me?"

"Rabin kuɗin ɗanye. In ya fito, naku ne. Bayan kuɗin saranku."

Sarkin Adda ya kurɓi shayi, ya daɗe bai ajiye kofin ba. Ya dubi mutanensa. Kaka ta zo ƙarshe, ba wani aiki a gabansu.

"Ka sayo safar hannu. Da dogon takalmin roba, ko aro ne."

"Zan samo."

"Gobe."

A hanyar gida Auta ya sake lissafi. Da rabi babu inji, sai dai tiyo. Ya ce a ransa ba komai, rake dai ya shiga kamfani.

Suka shiga tun hantsi bai yi ba. Aikin ya fi yadda Sarkin Adda ya faɗa muni. Cikin raken ba iska, zafi kamar an kife ka da kwano. Ganyen yana da baki irin na reza, yana neman wuya da bayan kunne da duk inda riga ta gaza. Ƙaiƙayin ya bi gumi ya shiga ko'ina. Auta ya ɗauki adda ya shiga layi tare da su, don kar a ce ya tsaya a inuwa. Sai a lokacin ya ga ɓarnar ɓeraye. Gindin sanduna da yawa an gwaguye shi, wasu sun faɗi sun fara ja a ciki.

Ba mai waƙa. Kowa sai ya fara dukan ganyen ƙasa da bayan adda kafin ya taka. Ranar farko sun kashe macizai har sun daina ƙirgawa, suna ratayewa a kan reshen bishiyar bakin hanya. Rediyo kaɗai ke magana, daga can cikin ganye, ba ka ganinsa sai dai muryar.

"Mai Ɗanye! In ka sayi jirgin sama da kuɗin nan ka tuna da ni!"

"Yi aikinka, Baba."

"Aiki nake. Baki daban, hannu daban."

Motar farko ta cika ta tafi, ta biyu ma. Malamin gona ya zo ya tsaya a bakin gonar, takalminsa fes, ya ɗauki hoton ganyen da aka baza a ƙasa. Saurayi ne, da alama shi ma bai cika samun barci ba. Ya ce ganyen nan zai riƙe laima, zai ruɓe ya zama taki, badi Auta zai ga bambanci. Ya riƙe hannun Auta da hannu biyu ya ce ya fitar da shi kunya. Auta ya ce to. Wuyansa na zafi, yana so ya sosa.

Sun kai wajen rabin gonar ranar da abin ya faru. Rana ta take, Rediyo ya cire takalmin roba ya ajiye a kan kunya, wai ƙafarsa na dahuwa, saura gishiri. Ya koma cikin silifas. Yana cikin ba da labarin wani direba da ya auri 'yar mai gidan haya, sai labarin ya tsaya a tsakiya.

"Kai! Ya same ni."

Kafin su iso ya zauna a ƙasa ya riƙe idon sawunsa. Ɗigo biyu na jini, ƙanana. Wani ya ga kububuwar da ta sare shi tana shigewa ƙarƙashin tarin ganye ya bi ta da adda. Auta ya tada babur. Aka ɗora Rediyo a tsakiya, Sarkin Adda ya zauna a baya ya rungume shi.

Hanyar duk ramuka ce, motocin rake sun cinye ta.

"Bi a hankali, ɗan nan," in ji Rediyo a bayan kunnensa. "Kar maciji ya bar ni kai ka ƙarasa ni."

"Yi shiru, Baba."

"In na yi shiru ai ka san an gama."

A asibiti aka karɓe shi da sauri. Auta da Sarkin Adda suka zauna a benci a baranda, jikinsu duk ganye da gumi, mutane na matsawa daga kusa da su. Can ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce an yi masa allura, zai tashi, amma ƙafar ta kumbura har gwiwa, kuma bana ya gama aiki. Auta ya biya abin da aka ce ya biya.

Washegari 'yan sara suka zo, amma ba wanda ya shiga. Suka jeru a bakin kwatar, addunansu a kan cinya.

"Sarki."

"Auta, kar ka roƙe ni. Da wane baki zan ce su shiga? Rabin da muka sare, duk abin da ke cikinsa ya matsa gaba. Yanzu abin da ke gona guda ya dunƙule a rabi. Ka sa wuta, gobe war haka mun kusa gamawa. Ba ka sa ba, ga gonarka nan."

"In na sa, kuɗin ɗanye ya tafi. Har na wanda muka kai."

"Na sani."

"To rabin da na ce zan ba ku fa?"

Sarkin Adda ya dubi guntun yatsansa. "Gumin da muka yi mun riga mun yi shi. Ƙafar Rediyo ma ta riga ta kumbura. Ka ba mu abin da ya kama na motocin da suka tafi. Daga ina zai fito, wannan kai ka sani."

Auta ya koma gefe ya kira malamin gona a waya. Ya gaya masa komai. Ya ce ya ji kamfani na da motar da ke sare rake da kanta.

"Tana gonar kamfani," in ji malamin gona. "Ko an ba ka, ba za ta iya juyawa a gonarka ba. Kunyoyinku sun matsu."

"To a ƙara min kwanaki."

"Inji ba ya tsayawa don mutum ɗaya, ba ya kuma jira don mutum ɗaya. Na yi magana, wallahi na yi." Ya sassauta murya. "Ka daure, don Allah. Ka nemi wasu 'yan saran. Kai kaɗai ka rage mini."

Wasu 'yan saran sun riga sun ji labari. Auta ya zaga ƙauyuka biyu a kan babur, duk inda ya tsaya kafin ya buɗe baki sai a ce, "Kai ne mai gonar macizai?"

Sai ya shiga shi kaɗai. Ya sa takalmin roba, ya ɗaure bakin wando, ya ɗauki adda. Ya daki ganye, ya jira, ya taka, ya sara, ya tuɓe, ya jefa. Ko ɓera ya motsa sai jininsa ya tsaya. Har la'asar bai gama layi biyu ba. Ya tsaya ya dubi abin da ya tara, ko jaki ba zai ji nauyinsa ba. Ya dubi abin da ya rage.

A gida 'yan biyu na tsakar gida suna faɗa a kan murfin gwangwani. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Matarsa ta kawo man shafawa ta zauna a ƙasa, ta kama hannunsa tana bin yankan ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Rabin gona da kuɗin ɗanye, wanne ya fi?"

"Kin sani."

"Ina so in ji a bakinka."

"Rabin gona. Nesa ba kusa ba."

"To?"

"Ba kuɗin ba ne kawai."

"To mene ne?"

Ya tuna yammar da suka tsaya a bakin kwata, shi da reshe ita da bokiti. Ya tuna fuskar Yaya. "Na faɗa wa kowa."

"Kowa ya ji, kowa ya koma harkarsa. Yaran nan ba za su ci 'na faɗa' ba." Ta juya hannun ta shafa bayan. "Ni ma ba son hayaƙin nake ba. Ni ke wanki sau biyu. Amma gobe in an ɗauko min kai a tsakiyar babur, kamfani zai zo ya yi mana noma?"

Ta rufe kwalbar man ta tashi.

"In za ka yi, ka gaya wa mutane da wuri. Abin da ke cikin gonar nan ba shi da wurin gudu sai gidajenmu."

Wannan bai zo masa a rai ba. Gaskiya ce kuwa. Duk kewaye ƙasa ce tsirara, ba ciyawa, ba kara. Inuwa ɗaya da ta rage ita ce ta gari.

Da safe ya bi gida-gida. Bai yi dogon bayani ba, ba kuma wanda ya nema. Mata suka toshe magudanan ruwa da tsumma da duwatsu, aka kulle kaji, aka kira yara ciki. Da yamma maza suka fito da sanduna. Yaya ya zo da nasa, ya tsaya can gefe yana gaya wa wani cewa shi tun farko ya faɗa. Sarkin Adda ya jera mutane ta ɓangaren gari, ya ce a kunna daga nan, wuta ta kora su wajen kogi.

Aka miƙo wa Auta ashana. Ya tsuguna, ya tara busasshen ganye, ya ƙyasta. Ta farko ta mutu. Ta biyu ta kama.

Rake ya daɗe a tsaye, ganyen ya bushe ƙayau. Wutar ba ta yi wata-wata ba. Ta hau sama ta fi bishiya, ta juyo ta bi ganyen da aka baza a rabin da aka sare, ta lashe shi ma. Shirwa suka taru a sama suna shawagi a gefen hayaƙin. Ta ko'ina sai ihu da ƙarar sanda a ƙasa. "Ga shi nan!" "Ta wajenka!" "Buga, mana!" Wasu samari na dariya, suna tara gafiya. Auta ya tsaya da kwalin ashana a hannu, ba abin da ya buga. Toka ta fara sauka a kafaɗarsa, a hankali.

'Yan sara suka shiga da gari ya waye. Kafin hantsi sun koma baƙaƙe, ido da haƙori kawai ake gani. Sara, sara, jefa. Har da waƙa. Abin da ya gagare su kwana da kwanaki, suka kwantar da shi kafin rana ta biyu ta raba. Auta ya ga saurin, ya kau da kai.

Ya hau motar ƙarshe ya zauna kusa da direba. A ƙofar kamfani layin ya yi gajere, 'yan motoci ne kawai, masu shara har sun fara wanke harabar. Bututun hayaƙin kamfanin na fitar da nasa, fari, siriri. Motar ta hau sikeli. Mai sikeli ya leƙo ta taga, ya dubi lodin, bai ko fito ba.

"Ƙonanne!" ya faɗa da ƙarfi, don na ciki ya ji.

Malamin gona na zaune a kan baburinsa a inuwar rumfar. Ya ga Auta na saukowa. Ya dubi motar, ya dubi baƙin da ke fuskarsa.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Na hango hayaƙin shekaranjiya. Na ce ko wata gonar ce." Ya cire hular kwano ya ɗora a kan tanki, ya murza idonsa. "Yaya mai ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya dami 'yan ɗakin da surutu."

"Madalla." Ya juya hular a kan tanki. "Ka san ba abin da zan iya yi a kan sharaɗin nan."

"Ban tambaye ka ba."

"Na rubuta musu batun masu adda. Ko za su karanta, oho. Sun ce badi za a ƙara kuɗin." Ya dube shi kamar mai jin kunyar tambayar. "In an ƙara, za ka sake?"

Aka ɗaga sandar ƙofa. Direba ya tada mota, ta shige ciki da lodinta, ƙurar toka na zuba a bayanta. Auta ya bi ta da ido har ta sha kwana wajen injin. Raken ya shiga. Ya zauna a kan dakalin rumfar, ya jingina kansa da ƙarfe.

"Malam," ya ce, "bari in yi wanka tukuna."